Allurar Caina a Kunnen Mai Ɗinkin Buhu

Shekara talatin da ɗaya ina shan taba, ban taɓa ƙona komai ba in ban da aljihun rigata, sai ranar da na kusa cinna wa siton Alhaji, maigidana mai sayen auduga, wuta.

Aikina ɗinkin buhu ne. Idan manoma suka kawo auduga daga ƙauyuka aka ɗora ta a sikeli, aka tattake ta cikin manyan buhuna, ni ke rufe bakin buhun da basilla da igiya. Da can dako nake yi a kasuwar hatsi ta Funtua, har bayana ya ce ya gaji, gwiwar hagu ta bi sahunsa. Gonar da mahaifinmu ya bari kuwa, da aka raba ta gida tara, abin da ya faɗo hannuna ba ya ciyar da mu wata huɗu. Wannan kututturen da nake zama a kai a siton Alhaji shi ne abin da ya rage mini. Mutumin da ya ba hamsin baya, kuma ba ya iya ɗaga buhu, ba kowa ke nemansa a garin nan ba.

Saura sati uku a buɗe awon auduga, ina cikin sito ni kaɗai ina facin tsofaffin buhuna, ga ragowar audugar bara jibge a lungu. Kowa ya san ba a kunna wuta a wurin. Ni ne ma mai yi wa sababbin leburori faɗa a kan haka. Amma da hantsi na duba gabas da yamma ba kowa, na ce bari in ja biyu kawai. Ina cikin ja na biyar na ji sallamar Alhaji. Na soka karan tabar a ƙarƙashin tulin buhuna, na danne da tafin hannu, na tabbatar wa kaina ya mutu.

Muka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi gwiwa. Ita wutar auduga ba ta da harshe, ciki take shiga tana ci a ɓoye kamar gara. Alhaji yana tsakiyar nuna mini inda yake so a jera kayan bana sai ya ɗaga hanci sama.

Mu biyu muka ja buhunan waje, shi da babbar rigarsa. Muka juye jarkar ruwan alwala a kansu. Buhu uku suka tafi, ga guntun tabata a tsakiya, ba wanda zai yi masa musu.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bai zage ni ba.

“Malam, shekara nawa muke tare?”

“Goma sha tara, Alhaji.”

“Ranar Asabar ɗin da za a rataya sikeli, ka zo mini ka bar taba. Ba wai ka bar ta a gida ba, ka bar ta. In ba za ka iya ba, ka yi zamanka, mu rabu da mutunci. Ba zan sa a bi ka ba, ba zan shinshina ka ba. Tambayarka zan yi, don na san ba ka yi mini ƙarya.”

Kwana biyu na farko na sha fiye da yadda na saba, don baƙin ciki.

Ba yau na fara ƙoƙarin bari ba. Na ci goro har haƙorana suka koma kalar jar ƙasa, sai na gano taba ta fi daɗi a bayan goro. Na tauna kanumfari, na sha rubutu. Kowace shekara da azumi nakan ce shi ke nan, an gama, sannan in an kira magariba dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai ashana, kunu ma yana jira a kofi.

Taubashina ne ya kawo zancen allura. Ɗan goggona ne, mutumin wajen Kafur, yana da rumfar sayar da iri da hatsi a kasuwa. Tun muna yara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba.

“Kai bawa, tashi in kai ka a tsire ka,” in ji shi. “Akwai wani likita da ya yi karatu a Caina, ya dawo da allurai. Na kai Inna ya yi mata na gwiwa, yanzu har gardama take yi a tsaye. An ce har taba yana cirewa.”

“Ta ina yake cire ta?”

“Ta kunne.”

“Ta baki nake sha.”

“To ai shi ya sa kake bawa. Hau babur.”

Abin kunyar shi ne, ni da nake yini da basilla mai tsawon ɗani a hannu, tsoron allurar asibiti nake yi. Rabona da ita tun wani zazzaɓi da na yi shekarun baya, shi ma sai da mutum biyu suka riƙe ni. Duk hanya ina bayan babur ina karanta abin da na iya, taubashina yana bi ta cikin ramuka da gangan.

Ɗaki ɗaya ne a wani ƙaramin asibiti, da gado biyu da labule. A bango an manna hoton kunne ƙato, kamar na giwa, an cika shi da ɗige-ɗige. Likitan bai wuce sa'an babban ɗana ba. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya tambayi kara nawa nake sha a yini. Na rage biyar na faɗa masa. Taubashina ya mayar da biyar ɗin, ya ƙara uku nasa.

Likita ya yage wata takarda ya zaro allurar. Na ƙura ido ban gan ta ba sai da ya juya ta wajen taga. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki.

“Ina ruwan maganin?” na ce.

“Babu ruwa, Baba.”

“To me za ka zuba mini?”

“Ba komai. Tsirawa kawai zan yi a wasu wurare, ta zauna rabin awa.”

Na dubi taubashina. Na ce masa ashe wurin abokin sana'ata ya kawo ni, shi ma ɗinki yake yi, sai dai shi ko zare ba ya sawa. Likita ya yi dariya, ya ce in kwanta. Kafin ya fara ya ce mini, “Baba, ba zan yi maka alkawari ba. Wasu yana rage musu jarabar, wasu ba ya yi musu komai. Ni zan yi nawa, amma hannunka ne ke zuwa aljihu.” Wannan maganar ce ta sa na tsaya. Duk wanda ya taɓa ba ni maganin taba rantsuwa yake fara yi.

Na runtse ido, na ƙanƙame ƙarfen gado, ina jiran mutuwa. Na ji kamar cinnaka ya ɗan taɓa ni ya fasa.

“Ka fara?”

“Na sa huɗu.”

Biyar ya sa a kowane kunne, ɗaya a kowane wuyan hannu. Taubashina ya zaro waya ya ɗauke ni hoto ta gaba da ta gefe, yana cewa yau ya ga bushiya da hula. Ina so in rama, ina tsoron in motsa baki allurai su zube. Sai wani abu ya fara. Kunnuwana suka ɗauki ɗumi, ɗumin ya gangaro wuya, ya bi kafaɗa, jikina ya yi sakayau kamar an sauke mini buhun masara da na manta ina ɗauke da shi. Dariya ta taso mini daga ciki ba gaira ba dalili. Na danne ta, ta fito ta hanci. Allurai suna rawa a kunnena, ina jin su, hakan ya ƙara tunzura ni. Daga nan ban san inda nake ba. Sun ce minsharin da na yi sai da mai jinya ta leƙo daga ɗakin haihuwa.

Talata ke nan. Na koma Alhamis, na koma Asabar.

Ba zan ce jarabar ta tafi ba. Tana zuwa, musamman bayan cin abinci, ta tsaya a maƙogwaro kamar mai jiran a ba shi wuri. Amma da can in ta zo kokawa muke yi ta kayar da ni, yanzu kuwa sai ta yi tsayuwarta ta gaji ta wuce. Ko allurar ce, ko tsoron Alhaji ne, ban sani ba, ban kuma matsa wa kaina sai na sani ba.

Abin da na sani shi ne hancina ya buɗe. Ashe daddawa haka take da ƙamshi. Ashe lambatun ƙofar gidanmu haka yake da wari, shekara da shekaru ina zama a bakinsa ina shan iska. Na shinshina hulata na jefar da ita bayan ɗaki. Na ci tuwo malmala uku na tambayi ko akwai ƙanzo. Matata ta tsaya da mara a hannu tana kallona.

“Malam, taba ka bari ko azumin shekara ka kai?”

Kaina kuma ya zama kamar na ɗan shekara ashirin, sai dai ba hankali. Ina gaida mutanen da ban sani ba. Na tsaya a bakin titi na yi wa mai rake ciniki na minti goma alhali ba ni da haƙoran rake. Da safe in yi dariya, da azahar in yi faɗa da zakaran maƙwabta, da la'asar in ji kamar in yi kuka don na ga akuya da 'ya'yanta.

Talatar sati na biyu likita ya ce zai yi tafiya Kaduna, sai Alhamis ta sama zai dawo. Kwana tara ba allura, ga ranar sikeli tana matsowa. Ya ce kada in damu. Bayan ya zare alluran, ya ɗauko wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, 'ya'yan wani tsiro ne na can ƙasar, kowace a manne da 'yar filasta kamar farcen jariri. Ya liƙa mini ɗaya a kowane kunne. Ya yi bayani mai tsawo, amma ni lokacin barcin allura bai sake ni ba. Abin da na riƙe biyu ne: in jaraba ta taso in danna, kuma kada ruwa ya jiƙa su.

Dannawa kam na danna. Ina tafiya ina dannawa, ina zaune ina dannawa. Ranar Laraba a kasuwa abin ya taso mini da ƙarfi, na ci birki a tsakiyar layin 'yan barkono, na kama kunnuwa biyu, na rufe ido, na ɗaga kai sama. Wani tsoho ya gan ni, ya ɗauka kiran salla zan yi, ya jawo butarsa yana mitar yau rana ta yi sauri.

Maganar ruwa ce matsala. Shi wanda ya ƙirƙiro wannan magani a Caina bai yi lissafi da mutumin da ke shafar kunne sau biyar a yini ba. Na yi iya dabarata, ina bi ta gefe da ɗan yatsa kamar mai taɓa ƙwai. Ranar Juma'a, a turmutsitsin wurin alwala, wani ya bangaje mini gwiwar hannu. Ina kallo ƙwayar kunnen dama ta faɗa kwata, ta bi ruwa, ta yi gaba abinta. Na bi ta da ido har ta shige ƙarƙashin gini.

Saura ta hagu, ita ma filastar ta fara ɗagawa. Washegari na je rumfar taubashina don ya gyara mini zamanta, tunda ni ba na ganin kunnena. Ya ɓanɓaro ta, maimakon ya mayar sai ya ɗora a tafin hannu ya fita da ita rana.

“Wannan irin mene ne?”

Kuskurena ke nan, da na kai ƙwayar tsiro cikin masu sayar da iri. Kafin in ce wani abu mutum shida sun kewaye ta. Wani ya ce 'ya'yan lalo ne. Wani ya ce lalo ba ya yin ƙwallo haka, wannan alayyahu ne da ya ji taki. Wani ya rantse ya taɓa ganin irinta cikin shinkafar waje. Tana yawo daga hannu zuwa hannu, ni ina bin ta ina cewa a yi hankali, magani ne.

Sai ta isa hannun wani dattijon dillali, wanda ya shekara arba'in yana sayen hatsi, in ya yi magana a kan ƙwaya ba mai ƙarawa. Ya juya ta, ya shinshina. Sannan ya yi abin da yake yi wa kowace ƙwaya da aka miƙa masa tun yana saurayi. Ya jefa ta baki ya gartsa.

Na ji ƙarar har cikin cikina.

Ya ɗan tauna, ya dubi sama. “Ta bushe sarai,” in ji shi. “Amma ba ta da gari.”

“Baba! Daga kunnena fa aka ciro ta!”

Ya tofar, ya nemi ruwa. Rumfa ta kece. Taubashina ya kwanta a kan buhun waken soya yana dukansa da hannu. Ni ma dariyar ta kama ni. Amma sati guda cur ya rage a rataya sikeli, ba likita, ba ƙwaya. Lambar likitan tana wayata, sai dai da wane baki zan ce masa an cinye maganin?

Taubashina ya share hawaye ya ce, “Kwantar da hankalinka, bawa. Ƙwaya dai ƙwaya ce. Mu da muke zaune a kan iri za a gaya wa ƙwaya?”

Nan aka buɗe sabuwar gardama. Dawa ta yi girma. Riɗi ya yi faɗi, ba zai dannu ba. Aka tsaya a kan gero. Taubashina ya ƙi ɗiba daga na awo, ya shiga ciki ya kwance wani ɗan ƙulli.

“Wannan ba na fura ba ne. Iri ne, zaɓaɓɓe, na bana. Ko ɗana ban ba shi ba.”

Ya tsallaka kemis ya sayo filasta irin ta ƙyalle wadda ake ɗaure ciwo da ita, ya yanka da reza. Wurin da tsofaffin suka zauna ya bar jan tabo, don haka ba a sha wahalar nema ba. Ya manna mini gero ɗaya dama, ɗaya hagu, dillalin da ya gartse ta likita yana tsaye yana ba da umarni. Na danna. Na ji ɗan zafin nan da na saba ji. Na ce alhamdu lillahi.

Kuma wallahi ya yi aiki. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, ina danna gero jaraba tana wucewa. Har na fi sakewa, don yanzu ba na tsoron ruwa. In ya faɗi, akwai ƙulli guda a rumfa. Na koma alwalata cikakkiya, ina cusa yatsa a kunne yadda aka koya mini tun ina yaro. Filastar ta riƙa shan ruwa tana riƙewa, ga ɗumin jiki, ga hula a kai. Ni manomi ne ɗan manomi, amma ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba. Da na fara jin ƙaiƙayi ma cewa na yi magani ne ke ratsawa.

Laraba da safe ina zaune a tsakar gida ina shan koko, matata ta zo wucewa da tsintsiya sai ta ja ta tsaya.

“Malam, kada ka motsa. Akwai wani farin abu a kunnenka.”

“Wane irin abu?”

“Kamar tsutsa.”

Na saki ludayi. Ta kama kaina ta juya shi wajen haske, ta sa farce ta ɗaga filastar a hankali. Sai na ji tana ƙunshe dariya.

“Mene ne? Ki faɗa mini mana!”

Ta ɗora mini abin a tafin hannu ta zame ta zauna a ƙasa. Gero ne ya kumbura ya fashe, ya fitar da saiwa fara siririya ta ƙasa, ga ɗan kai yana leƙowa ta sama. Na ɓanɓaro na ɗaya kunnen. Shi ya ma fi kyau.

“Duka biyun sun fito,” ta ce da ƙyar. “Malam, ba giɓi!”

“Ke, ya isa.”

“Shekara nawa kana zagin gonarka, ashe wurin shukar ne ba ka gane ba. In kawo taki, ko sai an yi noman farko?”

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya. Matata ta nuna ni da tsintsiya, ta sake kecewa da dariya. Ni kaina na yi dariya har koko ya sarƙe ni, na yi tari, na sake yin wata. Rabon da mu yi irin wannan dariyar tare da ita a tsakar gidan nan, na manta.

Da na fita waje dariyar ta bi ni har bakin titi, a nan ta tsaya. Wani tunani ya maye gurbinta. Ashe kwana huɗu ba ni da magani. Abin fura nake dannawa. Ba abin da ke tsare da ni, tsirara nake yawo. Ina gama wannan tunanin jarabar ta taso, irin tasowar da ba ta taɓa yi ba. Na kai hannu kunne, ba komai sai danshi.

Ban je wurin mai teburin unguwarmu ba. Na taka har wajen tashar jirgin ƙasa, inda ba a san ni sosai ba, na sayi kara ɗaya, na zagaya bayan wani tsohon tarago. Ba zan ce ba daɗi ba. Ja na farko har yatsun ƙafata suka amsa. Ja na uku ƙasa ta fara juyawa, na zauna a kan dogo. Da na kai rabi sai na ji warin a jikin rigata, da wannan sabon hancin nawa, na ga kaina tsoho zaune a bayan tarago yana ɓuya kamar ɓarawon kaza. Na tofa wa guntun yawu, na murje shi da dutse.

Alhamis likita ya dawo. Na ba shi labari tun daga kwatar masallaci. Ya daure har wurin dillali. Da na zo kan tsiro sai ya ce in yi masa uzuri, ya fita baranda, ina jiyo dariyarsa. Da ya dawo yana goge tabarau ya ce ai ita ma ƙwayar tasa ba magani a cikinta, abu ne mai tauri kawai da za a danna wurin da shi. Geron ma daidai ne, in da an soya shi tukuna.

“To me ya hana ka faɗa mini?”

“Na faɗa, Baba. Kana gyangyaɗi.”

Wato a banza na je bayan tarago. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Ya sake tsira mini alluransa, wannan karon ban yi dariya ba, ban yi barci ba. Ina kallon silin ina tunanin jibi.

Na tambaye shi ko in gaya wa Alhaji. Ya ce wannan ba ya cikin abin da aka koya masa a Caina. Taubashina ya ce in kuskura in faɗa shi da kansa zai sayar da ni. “Rabin kara ai ba kara ba ne. Wa ya gan ka? Tarago zai ba da shaida?” Matata ba ta ce in faɗa ba, ba ta ce kada in faɗa ba. Cewa kawai ta yi masarar da ke rumbu ba za ta kai mu bazara ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar da sassafe na sa sabuwar hula na tafi. An riga an rataya sikeli a bakin sito, leburori suna ta shara, motar farko ta iso daga Mahuta an lafta mata kaya har tana jirkicewa. Alhaji yana zaune a benci da carbi. Na durƙusa muka gaisa. A hanya na shirya amsa mai kalma ɗaya, na maimaita ta ya fi sau ashirin.

“To, Malam. Ka bari?”

“Kwana goma sha takwas ke nan, Alhaji.” Bakina ya ci gaba ba da izinina ba. “Ban da ranar Laraba. Na sha rabin kara a bayan tarago.”

Carbin ya tsaya. Leburan da ke kusa ya daina shara.

“Me ya kai ka?”

Ba yadda zan yi, na faɗa masa. Na yi ƙoƙarin in taƙaita, amma labarin ba ya taƙaituwa. Alhaji mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya sunkuyar da kai. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Kafaɗunsa suka fara motsi. Ya tashi ya shiga sito ya bar ni a durƙushe, ni kuwa ban san ko korata ce ake yi wa dariya ba. Gwiwata tana zafi, ban yarda na miƙe ba.

Ya jima kafin ya fito, idonsa jawur, fuskarsa ta koma yadda take.

“Na ce ka zo ka bar ta. Ba ka cika ba.”

“Haka ne, Alhaji.”

“Ba za ka shiga sitona ba bana. Ko inuwar ƙofar.” Ya juya wajen leburori. “Ku ɗauko kututturensa ku kai masa gindin darbejiyar can, bakin get. Duk buhun da aka tattake a mirgina masa can ya ɗinke, a mirgino shi.”

Leburori suka fara gunaguni, don aiki ya ƙaru musu. Alhaji ya dube su sau ɗaya suka yi shiru.

“Kowace Asabar zan tambaye ka. Ranar da ka sake ce mini rabi, ko kwata, ka wuce gida daga nan.”

“Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma.”

“Tashi, mutane na jira.”

Sai da na dafa benci na iya miƙewa. Gindin darbejiyar ba daɗi, rana tana cin rabin wurin tun kafin azahar, ga tururuwa. Na zauna na zura igiya. Buhun farko da suka mirgino mini sun cika shi fiye da kima don su huce haushi, bakinsa ya ƙi haɗuwa. Na sa gwiwa mai lafiyar na danne shi, na ce su zo su rage, ba wanda ya ji ni. Jarabar ta zo wajen ƙarfe goma, kamar yadda ta saba. Hannuwana biyu suna cikin aiki, don haka sai da na kai ƙarshen ɗinkin na ɗaure, sannan na samu na kama kunne na danna.